Mai Hoto da Korayen Fuskoki

Akwai wani mutum mai ɗaukar hoto, cika baki kuwa kamar da shi aka haife shi. Kullum cewa yake, "Idona bai taɓa yi mini ƙarya ba." Yana da tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya irin talabijin ɗin dā, a kanta yake gyara hotuna. Matarsa tela ce, shago ɗaya suke.

Ana nan sai matan Zumunta na majami'arsu suka ɗinka anko, suka kira shi ya ɗauke su da tsohuwar shugabarsu, Mama Damaris, wadda za ta koma ƙauyensu gaba ɗaya washegari. Hoton ban kwana ne, babu na biyu.

Da ya buɗe hoton a kwamfuta, sai ya ga fuskoki sun yi ja-ja da shuɗi-shuɗi kamar an mammare su. Ya ce, "Kai, matan nan da shafe-shafe! Allah ya so su suna da ni." Ya yi ta zuba kore har suka daidaita a idonsa. Ya goge na asali, har na cikin kyamara, wai me gwani zai yi da ɗanyen aiki? Ya kai aka wanke, ya karɓo ambulan bai ko leƙa ba.

Ran Lahadi bayan sujada ya miƙa wa sabuwar shugaba. Ta buɗe, ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Baban Iliya, kwaɗi ka mai da mu?"

Ga su nan jere, kore shar kamar alayyafo, Mama Damaris a tsakiya ta fi kowa. Mutumin ya sheƙa shago, mata na biye. Ya kunna kwamfuta, ya nuna. "Ku duba! Nan lafiya lau kuke!"

Sai matarsa ta miƙa hannu bisa kan kwamfutar, ta ɗauko maganaɗisun da take tsince allurai da shi. "Af, ashe nan na bar shi tun Talata."

Ya kashe, ya sāke kunnawa. Ga kwaɗi a gilashin kwamfutar ma. Ashe maganaɗisun ne ya dagula launin gilashin tun farko.

Ma'anar wannan misali kuwa ga ta, 'yan'uwa. Gilashin nan zuciyarka ce. Maganaɗisun shi ne ƙaramin abin da ka bari ya zauna a kanta: ƙyashi, ko fushin bara, ko girman kai. Shiru yake zaune, yana karkatar da duk abin da kake gani. Sai ka ga ɗan'uwanka ya ɓaci, ka naɗe hannun riga wai za ka gyara shi, alhali shi lafiyarsa ƙalau. Kafin ka taɓa fuskar wani, fara shafa kan zuciyarka ka ji abin da ke ajiye a wurin. Gama kwamfutar ta warke ran nan, amma Mama Damaris tana rataye a bangon majami'a, kore, har yau.