Badaru da kwanar Ƙofar Kabuga

Akwai wani saurayi a Toranke ta ƙasar Ajingi mai suna Badaru, a shekarun nan na bayan yaƙin basasa. Allah ya ba shi gudu, sai dai bai ba shi abokai ba. Kullum shi kaɗai yake zuwa Gaya da gudu ya dawo, manoma suna ɗago kai suna tambaya, "Lafiya? Gobara ce?"

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi masa dariya ba, wato yayansa Datti, mai ɗingishi, wanda ya daɗe yana kai gyaɗa Kano a kan jakuna.

Rannan aka yi shelar tseren dogon zango a birnin Kano. Wanda ya zo na ɗaya, da shi za a tafi gasar Ikko. Badaru ya ƙwallafa rai, don ya gaji da zama abin dariya.

Datti ya raka shi har filin wasa na Sabon Gari, da tsohuwar rigarsa mai faci. Wani ɗan birni cikin 'yan tseren ya kalle shi ya ce, "Kai, wannan kocinka ne?" Aka bushe da dariya.

Kunya ta kama Badaru, ya ce, "Ban san shi ba."

Datti bai ji ba. Ya jawo shi gefe ya ce, "Ƙanena, birni ba ƙauye ba ne. Zan je in tsaya maka a inda hanya take da ruɗani."

"Yaya, don Allah ka koma gida," in ji Badaru.

Datti ya kama hanya. Can da jimawa aka busa usur. Kafin a fita Fagge ya wuce kowa. Ya wuce marinar Ƙofar Mata, ya ratsa gefen Kurmi, ya bar Dutsen Dala, ya bar Gwauron Dutse. Ko'ina jama'a na kiran sunayen nasu, shi kuwa ba wanda ya san sunansa. Ba kowa a gabansa da zai bi, na bayansa ma ya daina jin takunsu.

A Ƙofar Kabuga ake yin kwana a bi gefen ganuwa. Farar ƙasar da aka zuba don nuna hanya, ƙafafun mutane sun share ta. Can cikin taro sai ga Datti yana ɗaga hularsa.

"Badaru! Badaru!"

Jama'a, ya ji shi sarai. Amma ya tuna dariyar nan, ya kawar da kai, ya ƙara mai, ya miƙe ta cikin ƙofar.

Gidaje suka ƙare, gonakin dawa suka fara. Ba tafi, ba ihu, sai numfashinsa. Da farko har yana murna wai ya yi musu fintinkau. Sai da wani mai tura kura ya ce masa, "Samari, lafiya? Gwarzo za ka?" sannan ya gane ya saki hanya, ya juyo.

Da ya iso filin wasa an riga an watse, masu shara ne kawai. Wani ne zai tafi Ikko. Ya zauna a ƙasa, bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Sai ga Datti yana jan ƙafa, tun daga Kabuga ya tako, muryarsa ta dishe. Ya durƙusa ya dafa kafaɗarsa.

"Ka yafe mini, ƙanena," in ji shi. "Na yi ta kira in nuna maka kwanar. Muryar tawa ce ba ta kai ba."

Badaru ya sunkuyar da kai, sai hawaye.

Darasi: Kada ka ji kunyar naka don baƙi su yabe ka. Wanda kake kawar wa kai yau, wataƙila hanya yake nuna maka. Ku tura wa 'yan'uwa, wani zai tuna da nasa Dattin tun yana raye.