Wane BK Ɗin?

Akwai wani marubucin fim a Birnin Kebbi mai suna Muhammad Sani. Daga gida yake rubuta labari ya tura wa masu shirya fim a Kano, su ɗauka a nuna a talabijin. Da yake masu irin sunansa sun fi a ƙirga, sai ya riƙa sa hannu da "Sani BK", wato Birnin Kebbi. Gwani ne, ba ƙarya. Matsalarsa ɗaya, ya san shi gwani ne.

Mahaifinsa, Malam Riskuwa, manomin shinkafa ne a Zauro. Bai yi boko ba, fim kuma bai dame shi ba, amma ya haddace siffar sunan ɗansa. Ranar da za a nuna shiri zai zauna gaban talabijin har sunan ya gilma, ya nuna da yatsa ya ce, "Ga shi nan!" Sannan ya tashi ya bar wa yara kallonsu.

Kwatsam sai waya ta daina ƙara. Duk wanda Sani ya kira, yana taro. Wanda ya karɓi labari ya dawo da shi ba bayani. Da ƙyar wani mai ɗaukar hoto ya tsegunta masa cewa ƙungiyar masu shirya fim ta yi zama, an ce kada kowa ya ƙara aiki da Sani BK.

"Laifin me?" in ji Sani.

"Wallahi ni ma haka na ji."

Kan Sani ya ɗaure. Ya bi labaransa ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya taka wani. Ko attajirin nan marowaci da ya rubuta ne wani babba ya ga kansa a ciki? Ko daraktan da ya taɓa ce wa bai iya Hausa ba? Kullum da sabon wanda yake zargi, har ya daina gaisawa da mutanen da ba su ma san ana yi ba.

Da ya je Zauro, tsohon ya tare shi a bakin fadama.

"Sani, mi kay yi musu? Na bar ganin sunanka."

"Baba, ban yi komi ba."

"To tahi Kano ka tambaya mana."

"In tahi in durƙusa ma mutanen da ni ka ba su labari? Ba ni zuwa."

Malam Riskuwa ya juya ya koma kan shinkafarsa. Daga ranar bai ƙara tayar da maganar ba, amma Sani ya gane tsohon ya ɗauka wani abin kunya yake ɓoyewa. Wannan ya fi rashin aikin yi masa ciwo.

Matarsa Mansura, 'yar Argungu, ita ta kawo dabara: ya ci gaba da rubutu, a sa sunanta. Haka aka yi shekaru. Labaran "Mansura Argungu" suka karɓu, ana ta yabon sabuwar marubuciya, Sani yana gefe bai san ko murna zai yi ko kuka ba. Ga fargabar ranar da asiri zai tonu.

Ranar kuwa ta zo. Wani kamfani ya zo ɗaukar shirin wani labarinta a bakin kogi a Argungu, mai kamfanin kuma Alhaji Maliki, dattijo a ƙungiyar, ya ce sai ya ga marubuciyar da idonsa. Sani ya kai ta a babur, ya laɓe bayan wata mota.

Alhaji Maliki ya yi ta zuba mata yabo har ta kasa ɗaga kai.

"Alhaji, ba ni iya yi ma babba ƙarya," in ji ta. "Maigidana ka rubutawa. Ga shi can."

Sani ya fito daga bayan motar.

"Sani BK!" Alhaji ya washe baki. "Kai ne aka ce ka bar mu ka koma noman shinkafa?"

"Alhaji, ai ku kuka hana a yi aiki da ni."

"Mu? Yaushe?" Can sai dattijon ya dafe kai yana salati. "Wani Sani na Birnin Kudu muka hana! Wanda ya sayar da labari ɗaya ga kamfani biyu. Shi ma BK yake sawa."

Ashe da magana ta fita daga ɗakin taro, kowa ya ji "BK" sai hankalinsa ya tafi kan wanda ya fi suna. Shi kuwa mai laifin tuni ya koma "Sani Jigawa", yana ta aikinsa hankali kwance.

"Ɗana, duk shekarun nan, me ya hana ka zo ka tambaya?"

Sani ya sunkuyar da kai don kunya.

Ranar da aka fara nuna shirin, ya ɗauki Mansura suka tafi Zauro. Sai dai idon Malam Riskuwa ya riga ya tafi, yana zaune gaban talabijin ba ya ganin komai sai haske.

"Ya hito?" ya tambaya.

"Ya hito, Baba," in ji Mansura. Ta karanta masa a hankali: "Labari, Muhammad Sani Riskuwa, Birnin Kebbi."

Tsohon ya ɗaga yatsa ya nuna, can gefen da ba talabijin. "Ga shi nan," ya ce.

Sani ya kama hannun ya juya shi daidai, hawaye na zubo masa.

Darasi: Idan abu ya ɗaure maka kai, sauke girman kai ka je ka tambaya. Kai kuma da aka ce maka "an ce", bincika wa ake nufi kafin ka rufe wa bawan Allah ƙofa. Ku tura wa wanda kuka san yana fushi da mutane alhali bai taɓa tambayar su ba.