Kwamfuta Ta Huɗu a Shagon Mukhtari

A unguwar Mairi, dab da ƙofar jami'a, an yi wani mutum wai shi Mukhtari. Allah ya ba shi tsayi, ya ba shi murya, ya hana shi abu ɗaya: bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Gidansu dillalan shanu ne kaka da kakanni, shi kaɗai ya ce warin garke ya ishe shi. A shekarar 1997 ya sayar da bijiman gadonsa, suka buɗe shagon buga wa ɗalibai takardu shi da abokinsa Alfred, wani mutumin Biu mai surutu da tsokana. Mukhtari ya kawo shanu, Alfred ya kawo kai. To amma wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya, Mukhtari ne.

Kwamfuta uku ce a shagon. Wata rana Mukhtari ya tafi Kano saro takarda, kafin ya dawo Alfred ya ja wata baƙar waya mai kama da ta eriyar talabijin, ya ɗaure kwamfutocin da juna kamar raƙuman ayari. A kan kowane allo ya ajiye wata 'yar jaka ruwan ɗorawa, ya sa mata suna Rumbu. Duk aikin da aka buga a cikinta ake zubawa, kuma daga kowane tebur ana iya buɗe shi.

"Injiniyan shanu," in ji Alfred, "zo in nuna maka inda wutsiyar wayar nan ta ƙare, kada wata rana ka neme ni ka rasa."

Mukhtari ya dubi ɗaliban da ke zaune a benci suna jira, ya gyara hula. "Ni za ka nuna wa waya? Tun kana yawo ba wando a Biu nake kwance rediyo ina mayarwa."

Alfred ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wannan tarin ne bai sake shi ba, kafin damina ta kankama ya kai shi ƙasa.

Mukhtari ya yi kuka, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Sai dai hawayen bai gama bushewa ba ya kira mai fenti, aka shafe sunan Alfred daga allon ƙofar shago. Ya fitar da teburinsa, ya sa ƙaramin firji a gurbin. Da ya rasa inda zai jona firjin, sai ya ga wata farar wayar wuta da ta fito ta wata 'yar huda a bango, tana jone a layin da janareta ke ba wuta. Ya zare ta, ya cusa ta a soket ɗin bango, wanda ba ya kawo wuta sai in NEPA ta ga dama. Bai tambayi kansa ina wayar ta nufa ba. Injiniya ai ba ya tambaya.

Washegari aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Zaratu, mai buga masa takardu, ta danna Rumbu, Rumbu ya ƙi buɗuwa.

"Oga, aikin mutane ba ya nan."

"Kashe ki kunna."

Ta kashe ta kunna. Ya zo da kansa ya zare baƙar wayar, ya hura mata iska, ya mayar. Ya sauya linzamin kwamfutar. Ya mari allon ta gefe, yadda ake yi wa maraƙi mai gardama. Shiru kake ji.

Da rana ta take tsaka NEPA ta dawo. Aka kashe janareta, shagon ya yi tsit, fankar sama ta fara juyawa a hankali. A cikin wannan shirun ne suka ji shi, daga bayan bango. Tari ne, busasshe, sau biyu, sannan wani ɗan siririn kuka. Zaratu ta ɗaga hannu daga kan madannai. Da ta sake danna Rumbu, sai ga aikin mutane cif, ko wasali bai ɓace ba.

Mukhtari ya ture ta, ya buɗe tagar da ke nuna sunayen kwamfutocin da ke kan wayar, tagar da bai taɓa leƙawa ba. Ɗan dillalin shanu ko a mafarki ba ya kuskuren ƙidaya. Ya ƙirga kawunan da ke shagon, uku. Ya ƙirga na cikin tagar, huɗu. Ta huɗun sunanta ALFRED.

"Inna lillahi," in ji Zaratu. "Oga, ka shafe shi a waje ya shigo ciki."

"Rufe mini baki. Ƙwayar cutar kwamfuta ce, na san irinta."

Ya yi ƙoƙarin goge sunan, ya ƙi goguwa. Haka aka ci gaba. In aka ɗauke wuta, Alfred ya tafi da aikin mutane. In aka kawo, a ji tari, ya dawo da shi. Zaratu ta zo da kaskon turaren wuta daga gida ta turara kowane lungu. Shagon ya yi ƙamshin ɗakin amarya, amma sunan na nan daram.

A cikin ayyukan da ke Rumbu akwai kundin wata ɗaliba mai suna Yagana. Shekara guda ta yi tana zirga-zirga zuwa Baga, tana zama da masu bandar kifi, tana rubuta abin da suka gaya mata. Ranar Litinin za a rufe karɓar kundi a sashensu, wanda bai kai ba sai baɗi. Saura gyaran babi na ƙarshe a buga mata.

"Wushe, Ya Mukhtari," ta gaishe shi da yarensu ranar Asabar da safe. "Na ji ana ta maganganu a hostel. Aikina dai lafiya ko?"

"Aikin da ke hannun Injiniya? Je ki sha shayi, ki dawo da la'asar."

Tana fita sai ga Peter, ƙanin marigayi, mai gyaran wayar mota a unguwar Mafoni. Ya ɗaga kai ya dubi sabon fentin.

"Yaya Mukhtari, na ji Rumbu na yi muku wasan ɓuya. Ranar da aka ja wayar nan ni na riƙe masa tsani. Bari in leƙa sito, ba zan daɗe ba."

A bencin akwai ɗalibai, duk sun zuba kunne. Mukhtari ya ji idanunsu a wuyansa.

"Mai gyaran hon ɗin mota ne zai gyara mini kwamfuta? Malam, in fenti ka zo gani, ka gani. Allah ya kiyaye hanya."

Peter ya tsaya a bakin ƙofa. "Shago naka ne. Amma don Allah, abin da ke cikin siton nan, kada ka taɓa shi."

Wannan magana ta zauna wa Mukhtari a ƙirji kamar tuwon jiya. Ashe akwai wani abu a sito. Ashe dangin mamacin sun san da shi. To me ake binnewa a shagon mutum a ce kada ya taɓa, in ba sammu ba?

Bayan azahar wuta ta dawo. Tarin ya zo a kan lokacinsa. Wannan karon Mukhtari ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya tura ƙofar siton. Ɗan ƙuntataccen ɗaki ne marar taga, mai sanyi kamar bakin rijiya. Ya janye kwalayen takarda, ya bi sautin har gaban wani tsohon kabad. Ya buɗe.

Rigar Alfred ce ta fara yi masa sallama, shuɗiyar nan mai dogon hannu, an lulluɓa ta a kan wani abu. Rigar tana motsi a hankali, kamar mai ita na numfashi. A ƙarƙashinta wani koren ido ɗaya yana ƙiftawa. Da ya ɗaga gefenta da tsinken tsintsiya, sai ya ga akwatin ƙarfe ba murfi, hanjinsa a waje, wata 'yar fanka tana kakari a ciki. Ba allo, ba madannai. A ilimin Mukhtari kuwa, kwamfuta ita ce allon. Abin da ba shi da kai ba ya shiga ƙidaya.

Ya dawo shago yana haki. "Zaratu, aikin Yagana yana nan?"

"Ga shi a gabana, Oga."

"Madalla. Tunda yana hannunmu, yanzu zan raba mu da ɓarawon."

"Bari in kwafe shi a faifai tukuna, ko in buga abin da ya samu."

"Abin da ke kan allonki ina za shi? Ƙafa gare shi?"

Ya koma ya fizge wayoyin, baƙa da fara. Koren idon ya mutu. Ya naɗe akwatin da rigar, ya ɗaure a bayan babur, bai tsaya ko'ina ba sai kan gadar Ngadda. Kogin ya cika ya batse da ruwan damina. Ya jefa. Rigar ta ɗan yi iyo, hannu ɗaya a sama, sannan ta bi akwatin.

Ya dawo yana fito, ya tarar da Zaratu ta ɗora hannu biyu a ka. Yana fizge wayar, allonta ya sandare. Ta kashe ta kunna, kamar yadda ya koya mata. Rumbu ya ƙi buɗuwa, alhali ga wutar NEPA tana ci. Cikin ruɗewa ta aika aka kira Peter, suka iso kusan tare da Yagana.

Peter ya leƙa sito ya fito. "Ina kwamfutar?"

"Wace kwamfuta? Ga su nan uku."

"Ta huɗun. Ita ce Rumbun, Yaya. Wannan jakar ta kan allo ƙofa ce kawai, hatsin yana can. Alfred ya sa ta a sito don sanyi, ya rufe ta da riga don ƙura. Fankarta ce ke tari. Wayarta kawai za a mayar layin janareta, shi ke nan fa."

Suka juya ga allon Mukhtari. Sunan ALFRED na nan a tagar. Suna kallo, ba wanda ya taɓa komai, ya ɓace. Masana sun ce haka na'ura take, takan riƙe sunan 'yar'uwarta na ɗan lokaci bayan an cire ta. Ni dai ban yi musu da masana ba. Na san kawai ya jira sai da Mukhtari ya dawo.

Yagana ba ta ɗaga murya ba. "To, Ya Mukhtari, ba ni rubutuna na hannu. Ko kwana zan yi a wani shagon, a sake bugawa."

Mukhtari ya dubi tsallaken titi. Ai tun da aka ja waya yake shelar cewa zamanin takarda ya wuce. Duk rubutun da aka gama bugawa, Ya Kaltumi mai ƙosai ta tsallaken titi yake kwashe wa. Yagana ta bi idonsa, ta tsallaka. A ƙasan tiren ƙosan ta samu shafi ɗaya da rubutunta, mai ya ratsa shi har ana hango rana ta ciki.

Sai da ta ƙara shekara. Ba ita kaɗai ba, kuma ɗalibai ba su iya riƙe labari ba. Kafin a girbe gero benci ya bushe, Mukhtari ya rufe shago ya koma kasuwar shanu, inda kowace dabba ke da kai. Allon ƙofar kuwa ya daɗe a wurin. Fentin mai araha ne, ruwa biyu ya ɗauraye shi, sunan Alfred ya sake fitowa raɗau.

Darasin a nan, jama'a, ba ɓoyayye ba ne. "Ban sani ba" gajeriyar magana ce, ba ta taɓa karya haƙorin kowa ba, amma girman kan da ke hana faɗinta yakan karya mutum har da waɗanda suka ba shi amana. In ka gaji wani aiki, bi wayarsa har ƙarshe kafin ka zare komai. In wanda ya sani ya zo ƙofarka, ba shi kujera, ko da hon ɗin mota yake gyarawa. Abin da ba ka gane ba kuwa, kada tsoro ya sa ka jefa shi a kogi, wataƙila shi ne rumbunka.