Kurege da Madubin Motar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku. Ban ji amsa ba. Ke Tasalla, ajiye wayar nan, bakinki ba a ɗinke yake ba. Yauwa, ta zo ku ji ta.

Kura ce dai ta ce ta tuba da cin naman mutane, ta kama fataucin gyaɗa. Ta sayi mota irin mai ɗaki a ciki: ga gado, ga murhu, ga tulu, can baya kuma buhuna shida. Inda kasuwa ta kai ta, nan ne gidanta. To hanyar daji kun san ta, gargada ce zalla, har ta sassauta madubin gefe, dama da hagu. Mota na tafiya suna kaɗawa kamar kunnen akuya. In ta duba dama ta ga sama, in ta duba hagu ta ga ƙasa.

Ran nan ta tsaya gindin tsamiya kusa da ramin Kurege, tana ta ƙunƙuni. Kurege ya shaƙi ƙamshin gyaɗa, ya fito da sifana a kafaɗa.

"Sannu da hanya, uwar daji. Madubin nan ai kuka yake yi, noti yake nema."

"Ka iya?"

"Ni? A cikin gareji aka yanke mini cibiya."

"In ka gyara, tafin gyaɗa ɗaya."

"Allah ya ƙara arziki. Shiga ki zauna, ki riƙe sitiyari. Ba a saita madubi sai mai mota na zaune."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Maƙaryaci ma yakan yi tuntuɓe da gaskiya. Kura ta zauna. Kurege ya ɗaure notin dama, amma ya karkato madubin yana kallon fuskarta. Ya zaga hagu, ƙamshi ya hana shi haƙuri, sai ya naɗe shi da igiyar rama kawai, shi ma ya juyo shi wajen fuskarta.

"Me kike gani, uwar daji?"

"Ina ganin wata mai fararen haƙora."

"Nan fa?"

"Ita ce dai, ta ma fi kyau ta nan."

"To aiki ya yi."

Tun da uwar Kura ta haife ta ba a taɓa cewa tana da kyau ba. Ta tayar da mota tana murmushi dama, tana murmushi hagu. Kurege ya karɓi tafinsa, ya yi sallama, ya zaga baya ya shige ta taga.

Ya ɓare, ya ci, ya jefa ɓawo ta taga. Ya ɓare, ya ci, ya jefa ɓawo ta taga. Kasuwar Laraba buhu shida ya koma biyar, Kura ta ce gara ce. Kasuwar Juma'a ya koma huɗu, ta ce sammu ne. Mai hankali da ya cika kumatu sai ya sauka. Kurege ya ce sai ya ga gindin buhu na ƙarshe.

To aikin ha'inci ba ya tsufa. Ranar Lahadi mota ta faɗa wani rami, igiyar rama ta tsinke, madubin hagu ya juya da kansa ya kalli baya. Kura ta duba don ta gaisa da mai fararen haƙora, sai ta ga kan Kurege a taga, kumatu kamar tulu, yana tofar da ɓawo.

Ta take birki. Kafin ya haɗiye, wutsiyarsa na hannunta.

"Ashe kai ne garar! Ashe kai ne sammun!"

"Uwar daji, gwaji nake yi. Madubin da bai kama ɓarawo ba ai..."

"Rufe mini baki. Tuban da na yi na naman mutane ne, ban da na kurege. Ga shi ka yi ƙiba da gyaɗata, kayana zan karɓa."

"Haƙƙinki ne, ci abinki. Sai dai kaico, duk dajin nan ni kaɗai ke da sifana. Wa zai ɗaure miki na hagu?"

Kura ta ce, "Gyara tukuna. Murhu na jiranka."

Ku zo ku ga aiki ranar da rai ke hannun wani! Ya kwance madubin duka biyu. Ya yanko tsohon silifa ya sa a ƙarƙashin ƙarfe don ya shanye girgiza. Ya sa noti biyu-biyu, ɗaya na danne ɗaya. Ya ƙara ƙaramin madubi mai ƙusumbi a kowace kusurwa, wanda ke nuna har gefen taya. Kura ta girgiza su da ƙarfinta, ko motsi.

"Saura saiti," in ji Kurege. "Shiga ki riƙe sitiyari. Zan riƙa ja da baya, ki faɗa mini inda ganinsa ya ƙare."

"In ka gudu fa?"

"Ina zan gudu kina kallona ta madubi huɗu?"

Ta zauna. Ya ja taku goma.

"Kina ganina?"

"Ina ganinka!"

Ya ƙara ashirin.

"Yanzu fa?"

"Har gashin bakinka! Ƙara matsawa, madubina ya wuce nan!"

Ya ƙara, ya ƙara, har gindin wani suri mai rami.

"Yanzu fa, uwar daji?"

Kura ta duba dama, ta duba hagu, ta duba ƙananan. Ga hanya tas, ga itatuwa, ga ɓawon gyaɗarta a jere har iyakar gani. Babu Kurege.

"Ba na ganinka."

Murya ta fito daga ƙarƙashin ƙasa: "To nan ne iyakarsa. Kuɗin gyara na riga na ci, a sauka lafiya!"

Har yau babu motar da ta kai ta Kura kyawun madubi a dajin nan, kuma har yau abin da ya riga ya wuce ta kawai take gani.

Kurunkus kan notin hagu. Madubin gefe na duba baya ne, ba na duba haƙora ba, kuma in kuna son aiki mai ƙwari, ku riƙe wutsiyar mai gyara ku hura murhu. Kai kuma Ɗanjuma da kake dariya, na ga madubin babur ɗinka da ka ɗaure da leda. Gobe a sa masa noti, ko kuwa na kwance shi na riƙa sa kwalli da shi.