Kurege da Gyaran Ƙasar Fadama

Ga ta nan ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Kurege ke nan da matarsa Hansai, suna zaune a raminsu a bayan gari. Tsakar gidan nan duk tsakuwa ce, ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito. Ran nan Hansai ta ce, "Maigida, na gaji da roƙon ganyen albasa a maƙwabta. Ka samo mana ƙasa mai kyau mu yi fangali, in shuka tumatur da alayyahu."

Kurege ya ce, "Ƙasa kawai? An gama."

Ya ɗauki ɗauri-ɗaurin harawa ya nufi fadama. A can akwai wani tsohon Jaki mai sayar da baƙar ƙasa, mangala guda ɗaurin harawa guda, kuma shi zai kai maka har gida. Jaki ya ce, "Mangala nawa za a kai?"

Kurege ya kaɗa wutsiya. Kun dai san in ka sayi abu a kasuwa akan ɗan ƙara maka gyara. To, gogan naku ya ce a ransa, in na sayi goma a tashi ɗaya, gyara ɗaya zan samu. In kuwa ɗai-ɗai na saya, kowace da nata gyaran.

Ya ce, "Guda ɗaya, Baba."

Aka cika mangala. Kurege ya ce, "Gyara fa?" Jaki ya ƙara ƙwarya guda. Kurege ya ce, "Shi gyaran ba a yi masa gyara?" Jaki ya dube shi, ya sake duban shi, ya ƙara rabin ƙwarya.

"A ina zan juye?"

"A bakin ƙofata daidai, kada maƙwabta su riƙa yagar mini."

Jaki ya tafi ya dawo, ya tarar da Kurege yana nan bai motsa ba, wai kada wani ya riga shi wurin da ƙasar ta fi baƙi. Kurege ya ce, "Guda ɗaya, Baba. Gyara fa? Shi gyaran ba a yi masa gyara?"

Haka aka yi ta yi. A zuwa na biyar Jaki ya ce, "Ɗana, ƙofar nan taka fa..."

Kurege ya katse shi, "Juye kawai, Baba, surutu ba ya cikin ciniki."

Jaki ya ce, "To."

Sai da harawa ta ƙare kakaf Kurege ya kamo hanyar gida, yana tafe yana tsalle, shi ga wanda ya ci kasuwa. Ya iso, ya ga tudu. Ya zagaya ta dama, tudu. Ya zagaya ta hagu, tudu. Ƙofa kam babu ita babu alamarta, ga Hansai a ciki ya baro ta tana tuƙa tuwo.

Duk rowar Kurege kuwa yana son matarsa kamar ransa. Ya ƙwala kira, "Hansai! Hansai!" Shiru. Ya sa farce ya tona, in ya kwashe tafi guda, biyu su gangaro su rufe. Baƙar ƙasar fadama ce, ga danshi ga nauyi.

Sai ga Zabuwa da ayarin kaji sun zo wucewa. Kurege ya yi maza ya share hawaye, ya hau tudu yana lashe baki.

Zabuwa ta ce, "Me ake ci ba tayi?"

Ya ce, "Ba komai, Yaya. Ƙasar nan ce na sayo, ashe cike take da tana, manya-manya. Don Allah kada ku faɗa wa kowa."

Kafin ya rufe baki kaji sun hau tudu. Tono ta nan, watsi ta can. Tanar kuwa akwai ta, ba a yi musu ƙarya duka ba. Kurege yana gefe yana nuni, "Ku watso ta gabas! Yauwa, yanzu ta yamma, can suka fi ƙiba!" Kan ka ce me, tudu ya baje, ya zama fangali huɗu reras, har da sauran tsibi-tsibi a gefe.

Ƙofa ta bayyana. Kurege ya faɗa ciki a guje. Ga tukunya, ga muciya, ba Hansai. Ya fito ya zube ƙasa yana birgima a gaban kaji da maƙwabtan da suka taru kallo.

"Wayyo Hansai, kwaɗayina ya binne ki! In dai kika fito da rai, duk sauran ƙasar nan sadaka ce, kowa ya zo ya ɗiba!"

Sai aka ji murya daga kan danga, "To jama'a, kun dai ji da kunnenku."

Aka ɗaga kai, sai ga Hansai zaune tana ɓare gyaɗa. Kurege ya ce, "Ta ina kika fito?"

Ta ce, "Ka manta 'yar kurege ka aura? Tun mangala ta uku na haƙa ta baya. Na tsaya ne in ji abin da za ka ce."

Kurege ya rasa abin yi, dariya ko kuka. Ya rungume ta don murna, ido ɗaya kuwa yana kan maƙwabta, masu ƙwarya da masu kwando, suna ta jidar ƙasarsa yana ji yana gani.

Damina na sauka unguwa ta yi kore shar. Hansai ta ci tumatur ɗinta har ta yi kyauta. Shi kuwa gogan naku kullum da safe sai ya bi gida-gida, ya tsinki nan ya tone can. In an ce, "Kai Kurege, lafiya?" sai ya amsa da baki cike, "Ƙasata na zo gaisarwa." Har yau kuwa bai gama gaisuwar ba.

Ƙurunƙus kan tana. Wanda duk zai sayo ƙasa a cikinku, ya je gida ya ga inda ake juyewa. In kuwa ba zai iya ba, to ya auri mace mai iya tono.