Katin Dogon Gola da Riga Guda Ɗaya

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Amma ku sani, ba ta kawo barci ba ce, ta tayar da gardama ce.

A garin Gusau an yi wani tsohon tela, Baba Shekarau, mai 'ya'ya uku. Babbansu Jatau, direban motar haya ne. Mai bi masa Tanko, gyaran waya yake yi a bakin kasuwa. Autarsu Ladidi kuwa ba ta daɗe da gama jami'a ba.

Tun yana saurayi, zamanin da ake sayar da cingam da katin 'yan ƙwallo a cikin ƙunshinsa, Baba Shekarau ya sayi guda a kantin wani Kwara, Balaraben Labanan. Ya buɗe ya ga hoton wani mai tsaron gida sanye da koriyar riga, ya yi tsalle sama kamar shaho zai ɗauki ɗan tsako. Sunan da ke ƙasan hoton ya ƙi zama a harshensa, sai ya raɗa masa Dogon Gola. Abokansa sun yi ta wasa da nasu katunan har suka yayyage. Shi kuwa ya naɗe nasa a farin ƙyalle, ya sa a gwangwanin allura, ya rufe. Ya yi aure, ya haihu, ya yi furfura, Dogon Gola yana nan a sama bai sauko ba.

Wata rana Ladidi tana neman allura ta ci karo da katin. Ta ɗauki hotonsa da waya, ta shiga bincike, ta gano cewa kaɗan aka buga irinsa, kuma masu tara katunan 'yan wasa a ƙasashen waje sun daɗe suna cigiyarsa. Ta sa shi a kasuwar intanet, masu saye suka yi ca. A cikinsu akwai wata mata daga ƙasar Birazil, sunanta Marilda. Ta ce mutumin da ke jikin katin mahaifinta ne, Anselmo. Gobara ta cinye duk hotunan ƙuruciyarsa, yanzu kuma tsufa ya cinye tunaninsa, har ita 'yarsa ba ya gane ta. Likitoci sun ce kwanakinsa sun ƙarato. Tana so ya ga kansa sau ɗaya kafin ya tafi. Baba Shekarau ya ce a sallama mata. Sharaɗinta biyu ne: katin ya iso yadda yake, babu lanƙwasa, babu danshi, kuma ya iso da wuri.

To, kun san halinmu. Duk takardar da ke da daraja, shaidar haihuwa ce ko ta makaranta, wurin masu laminatin muke kai ta, a manne ta cikin leda da zafin inji. Baba Shekarau bai shawarci kowa ba. Da safe ya sa hula, ya ɗauki gwangwaninsa, ya nufi shagon buga takardu, yana jin zai yi wa baƙuwar nan karamci. Ladidi ta dawo daga maƙwabta ta tarar babu gwangwani, uwarta ta gaya mata inda ya nufa. Ta fita a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta isa injin ya yi zafi, bakin ledar ya fara shiga. Ba ta tsaya sallama ba, ta fizge wayar wuta daga bango, ta zaro katin da yatsu biyu.

"Ke Auta, lafiyarki kuwa? Kare shi zan yi!"

"Baba, da ya shiga nan, ya mutu ke nan. Ledar ba ta sake rabuwa da shi har abada, kuma babu mai yarda cewa na asali ne."

Tsoho ya dubi injin, ya dubi 'yarsa tana haki. Abin da ya tsare tun kafin a haife ta, saura ƙiris ya kashe shi da hannunsa saboda ƙauna.

Ladidi ta san irin gidan roba da ake sa irin wannan kati a ciki, amma ta zaga kasuwa kaf babu mai sayar da shi. Nan aiki ya koma hannun Tanko. Ya sami leda mai laushi wadda babu gam a jikinta, ya zura katin. Ya yanko faifan roba mai tauri guda biyu, garau kamar ruwa, ya goge bakinsu da kyau, ya sa katin a tsakani yadda ba zai motsa ba, kuma ana iya ganinsa gaba da baya ba tare da an taɓa shi ba. Damina ce, sai ya tattaro 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabuwar waya, ya jera a gefe. Ya naɗe da kwali, ya rufe a leda, ya sake rufewa, ya sa a gwangwani mai murfi, ya toshe bakin.

Amma kafin ya amince da aikinsa, sai da ya haɗa irinsa da wata tsohuwar takarda a ciki. Ya jefo shi daga kan soro. Ya sa aka bi ta kansa da babur. Ya nutsar da shi a randa ya ɗora dutse. Da aka buɗe, sai ga ɗigon ruwa a gefen takardar. Ya warware duk aikin, ya sake daga farko, ya sake gwadawa, har takarda ta fito a bushe ƙamas. Baba Shekarau yana zaune yana kallo, yana tuna yaron da ko maɓallin rigarsa ba ya iya ɗinkewa, sai ya ce, "Ikon Allah."

Saura kai wa kamfanin aika kaya zuwa ƙetare, ofishinsu kuwa yana Kano. Jatau ya ɗauka. Yana cikin tafiya ya tarar ruwa ya cinye wata gada, motoci sun yi layi, masu kwalekwale sun ƙi fito saboda ƙarfin ruwan. Kowa ya ce a jira ya janye. Jatau ya tuna akwai wani tsoho a can ƙarshen duniya wanda ba shi da kwanakin jira. Ya bar motarsa wurin wani abokin aikinsa, ya ari babban goran iyo a hannun wani masunci, ya ɗaure gwangwanin a ka da rigarsa, ya faɗa ruwa. A tsakiyar kogi wani kututture ya buge shi, ɗaurin ya kwance, gwangwanin ya bi ruwa. Jatau ya saki goran da ke riƙe da ransa, ya bi gwangwanin. Mutanen da ke gaɓa suka ɗauki salati. Can nesa, wajen wasu duwatsu, aka ga hannu ya ɓullo riƙe da gwangwani, sannan kai ya biyo baya.

Da ya haye, ya shiga wata mota, haka ya isa Kano, goshi a fashe. Ma'aikatan suka ce dole su ga abin da ke ciki, ya buɗe da hannunsa, suka leƙa ta robar, ya mayar ya rufe yadda Tanko ya nuna masa. Ya sa aka yi wa kayan inshora, ya ce kada a miƙa wa kowa sai Marilda ta sa hannu, ya karɓi lambar bibiya.

Daga nan Baba Shekarau ya daina ɗinki. Kullum yana gefen Ladidi, suna duba waya. Yau Dogon Gola yana Legas. Gobe yana wani gari da tsohon bai taɓa jin sunansa ba. Jibi yana saman teku. Katin da a da bai taɓa barin Gusau ba, ga shi yana keta gajimare, shi kuma mai shi yana zaune a kan tabarma yana bin sawunsa da ido.

Ranar da ya isa, Marilda ta kira su ta bidiyo. Suka ga wani dogon tsoho a kujera, idonsa kamar na wanda ke kallon hazo. Ta sa masa katin a tafin hannu. Ya daɗe yana dubawa. Sai hannayensa suka fara ɗagawa sama a hankali, yatsu a buɗe, kamar mai jiran ƙwallo. Ya faɗi sunan kansa. Sannan ya juya ya dubi matar da ke durƙushe a gabansa, ya kira ta da sunanta. A tsakar gidan nan na Gusau, Baba Shekarau ya cire hula, ya share ido da ita.

Kuɗin kati ba su kawo gardama ba, gida aka gyara da su. Abin da ya kawo ta shi ne wani ƙunshi da ya iso daga baya. A ciki akwai koriyar rigar nan ta jikin hoton, ita kaɗai ta tsira daga gobarar. Marilda, wadda ta ji labarin wahalar da aka sha, ta sake kira ta ce a ba wanda ya ceci katin a cikin 'ya'yan.

"Ai magana ta ƙare," in ji Jatau, yana nuna tabon goshinsa. "Wa ya sha ruwan kogi a cikinku?"

"Yaya, da ba don aikina ba, kunun takarda za ka kai Kano," in ji Tanko.

Ladidi ta yi dariya. "Da ba don ni ba, Yaya Tanko, leda za ka naɗe a leda. Kai kuma Yaya Jatau, don leda za ka nutse."

Baba Shekarau ya shimfiɗa rigar a kan teburin yanka, ya ɗauki almakashinsa, yana tunanin raba ta uku. Ya dubi kafaɗun da suka koɗe, da wani ɗinki na hannu a gwiwar hannun riga wanda wani tela da bai sani ba ya yi a wata ƙasa. Hannunsa ya ƙi. Ya ajiye almakashin.

Riga tana nan a kan tebur, 'ya'ya uku suna tsaye. To jama'a, ku ne alƙalai: tsakanin wadda ta zaro katin daga bakin inji, da wanda ya gina masa gidan da ruwa bai shiga ba, da wanda ya saki gora a tsakiyar kogi, wa za a miƙa wa rigar Dogon Gola?