Katifu a Kan Rufi

A ofishinmu na duba hotunan ambaliya akwai wata ma'aikaciya da muke kira Hawainiya, saboda nawarta. Hoton da wani zai duba cikin minti biyu, ita sai ta ƙura masa ido har shayinta ya huce. Ni ma ina cikin masu tsokanarta, ba zan ɓoye ba.

Da kogi ya yi ambaliya, aka tura jirgi marar matuƙi ya ɗauko hotunan gari daga sama. Aikinmu shi ne mu shafa jan launi a taswira kan duk unguwar da ruwa ya ci. Da ita motocin agaji ke aiki, kuma unguwar da ba ta samu ja ba, ba bargo ba magani.

Kafin tsakar rana kowa ya gama, saura Hawainiya. Shugabanmu, mutum mai gajen haƙuri, ya zo ya tsaya a kanta.

"Baiwar Allah, unguwar bayan kasuwa ce ta riƙe ki? Ga ta nan a bushe. Direbobi na jira."

"Yallaɓai, yaushe aka ɗauki hoton nan?"

"Kwana uku bayan ruwan. Sai me?"

Ta ƙara girman hoton. "Duba kan rufin nan, da wancan. Katifu ne aka shanya. In gida ɗaya ne sai mu ce yaro ya yi fitsarin kwance, amma gida arba'in fa? Ruwa ya shiga musu, ya janye kafin jirgi ya zo."

Muka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ce a yi mata haƙuri, ba za ta sa hannu ba sai an je an gani. Da kyar shugaban ya yarda, ya haɗa ta da ni.

Muka je unguwar. Shatin taɓo a bango ya kai ƙirjina, rijiyoyi sun gurɓace, yara na kwance da gudawa. Wata tsohuwa ta kama hannun Hawainiya.

"'Yata, mun ga abin naku yana shawagi, muka yi ta ɗaga masa hannu. Mun ɗauka bai gan mu ba."

"Ya gan ku, Iya," in ji ta. "Ga mu mun zo."

A ranar, can motar magani ta fara tsayawa. Ban sake kiran ta da wancan suna ba.

Darasin shi ne, na'ura tana ɗaukar hoto ne kawai, gani kuwa aikin mai haƙuri ne. Idan rayuwar mutane ta rataya a kan aikinka, kada ka bar gaggawar wani ta sa ka rufe ido kan abin da ka lura da shi.